Tambayoyi Uku da Ban Yi wa Inna Ba

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa cikin birni, ban dawo gidanmu na Tudun Wada ba sai da na isa shiga sakandare. A lokacin in za ta aike ni sai ta kalli bango ta ce, "A zo a sayo mini gishiri," ni kuma na san da ni ake. Da na fara koyarwa sai ta samu mafita, ta koma ce mini Malam. Shekarata arba'in da uku lokacin da wannan abin ya faru, kuma har lokacin ban taɓa zama kan tabarma ɗaya da ita ba.

Kada wani ya ce ba ta sona, don zan yi faɗa da shi. Shekarar da ɗan acaɓa ya kayar da ni a hanyar Tudun Jukun na karye a hannu, Inna ba ta leƙo asibiti ba ko sau ɗaya. Sai daga baya ƙanwata, autarmu, ta gaya mini kwana uku Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. In ta yi dambun zogale, wanda ta san ina mutuwar so, ba za ta ce nawa ne ba. Za ta rufe kwano ta tura bakin ƙofa ta ce, "A kai can." Haka muke, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a sake tsakaninmu, in ce, "Inna, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau. Da sauƙi, Alhamdulillahi." Ranar da take da mura haka ta ce. Washegarin rasuwar mahaifinmu ma haka ta ce. Wadda ke jin gaskiyar jikin Inna ita ce auta, su biyu suke ƙus-ƙus ɗinsu a ɗaki har da dariya. To aure ya kai auta Jos, aka bar Inna da ni da matata, wadda ita ma suruka ce, kunyar da ke tsakaninsu ta kusa fin tawa.

Akwai mutum ɗaya da Inna ba ta jin kunyarta, wato Madam mai shagon kayan masarufi da ke jikin gidanmu. Inyamura ce, ta zo unguwar tun ina ɗan sakandare, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Kullum bayan la'asar takan bar shago ta shigo da tiren agushi, su zauna da Inna suna ɓarewa suna gulmar farashin kaya. A bazarar da nake magana a kai Madam ba ta gari. An yi mata rasuwa a can garinsu, ta tafi, kuma jana'izarsu ba irin tamu ba ce ta yini ɗaya. Sai da ta yi mako biyar.

Akwai kuma wata manhaja ta gane cuta, wadda a ɗakin malamai na same ta. Wani abokin aikina ne ya sa mini a waya. Kana shigar da shekarun mara lafiya da abin da ke damunsa, sai ta yi ta jero maka tambayoyi da Turanci, kana danna eh ko a'a, a ƙarshe ta lissafo cututtukan da take zato, wanda ta fi zargi a sama. Na fara gwada ta a kan 'yata da ƙuraje suka feso mata. Ta ce ƙarambau ne. Muka je asibiti, muka yanki kati, muka yini a layi, likita ya duba yarinyar minti biyu ya ce ƙarambau ne. Tun daga ranar kaina ya kumbura. Matata ta fara ce mini Dakta, tana yi tana dariya, ni kuma a raina ina karɓa da gaske. Ni da na karanta labarin ƙasa, har maƙwabta suka fara tare ni a zaure suna gaya mini ciwon bayansu.

Da zafi ya tsananta sai Inna ta fara ramewa. Na lura zaninta yana zagaye ta fiye da da. Ta rage fitowa tsakar gida, da yamma kuma jikinta ya yi zafi. Na ce mu je asibiti, ta ce ba inda za ta, ba za ta je wani sa'an ɗan cikinta ya yi ta tattaɓa ta ba. A gaskiya ban matsa ba. Na tuna layi da kati da yinin da za a ɓata, na kuma ga ina da abin da zai raba mu da duk wannan a aljihuna. Har na ji ina yi mata gata.

Ranar wata Asabar da hantsi na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna a ƙofar ɗakinta. Ina karanta tambaya a waya, in juya ta zuwa Hausa, in jefa ta bayan labule.

"Inna, akwai zazzaɓi?"

"Ɗan kaɗan ne, da yamma."

"Ciwon kai fa?"

"Ba a rasa ba."

"Kasala?"

"Tsufa ne, Malam."

"Kina yawan jin ƙishirwa?"

"A wannan zafin wa ba ya shan ruwa?"

Na ga ta yi gaskiya, na danna a'a. Muna cikin haka sai wayar ta kawo wasu tambayoyi uku a jere. Ta farko, ko mara lafiya tana yawan fitsari. Ta biyu, ko tana jin ƙaiƙayi a gabanta. Ta uku, ko akwai wani ciwo a wani wuri a jikinta da ya ƙi warkewa.

Na daɗe ina kallon allon wayar. Ta yaya zan dubi ƙofar matar da ba ta taɓa faɗin sunana ba in tambaye ta fitsarinta? Ko kalmar ban taɓa furtawa a gabanta ba. Ta ukun ma da ta fi sauƙi, sai na ji kamar ina cewa ta buɗe mini jikinta ne. Gumi ya karyo mini. Can na yi gyaran murya na dunƙule su duka na ce, "Inna, babu dai wani abu kuma ko?"

Ta ce, "Babu."

Na danna a'a sau uku, na ji kamar an sauke mini kaya.

Wayar ta sa zazzaɓin cizon sauro a sama, taifot a ƙasansa, sai galabaitar zafi. A can ƙasa akwai ɗan rubutu da ke cewa a je a yi gwaji, a ga likita. Na tsallake shi yadda kowa ke tsallakewa. Na hau mashin na je kemis na sayo maganin zazzaɓi na kwana uku. Jikin ya ɗan yi sanyi, na shiga gida ina taƙama. Bayan kwana huɗu zazzaɓin ya dawo, sai na ce to na biyun ne, na sayo maganin taifot.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da na haɗa da maganin. Na ga ba ta da ƙarfi, sai na shiga yi mata hidima. Na sayo katan na lemon kwalba. Na sayo gulukos na gwangwani, na ce a riƙa dama mata safe da yamma. Wani malami ya kawo zuma mai kyau daga ƙauyensu, na karɓi kwalba guda. Na ce wa matata shayin Inna a cika masa madara da sukari. Kuma duk abin da aka kai mata sai ta shanye, kwano ya fito wayam. Na riƙa murna ina cewa ci ya dawo. Daga baya auta ta gaya mini Inna ta ce mata zaƙin har tashin zuciya yake sa ta, amma ba za ta iya mayar da abin da Malam ya kawo ba.

Ba wai ban ga komai ba. Na gani, ban dai haɗa ba. Na ga ta fara sa safa a tsakiyar bazara, lokacin da mutum ke neman ya tuɓe fatarsa. Na ga ta daina alwala a bakin makwarara inda ta saba, ta koma shiga da buta da roba cikin ɗaki. Na ga butar tana yawan fita da shiga. Na ji turaren wutar ɗakinta ya ƙaru, har yana shaƙe ni in na durƙusa gaisuwa. Matata ta ce ta ga tana salla a zaune. Kowanne na ba shi dalilinsa, na ce tsufa ne, na ce sanyin siminti ne. Ba ɗaya daga cikinsu da wayar ta tambaye ni, ni kuma na riga na sa a raina abin da ba ta tambaya ba ba shi da muhimmanci.

Ranar da Madam ta dawo, na taso daga makaranta ina tura mashin cikin zaure sai na ci karo da ita tana fitowa daga cikin gida. Ko gaisuwar ta'aziyyar da na fara ba ta bari na ƙarasa ba.

"Tica, me kuka yi wa Mama?"

Na ce zazzaɓi ne da taifot, muna kan magani. Na ciro waya zan nuna mata.

"Ajiye wannan abin. Ka shiga ɗakin?"

"Madam, kin san ba na shiga."

"To ni na shiga. Minti biyar na yi. Akwai wari a ɗakin nan, turare bai rufe shi ba. Ka je bayan banɗakinta ka ga kiyashi. Maigidana haka ya fara, na san wannan abin."

Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, musamman in an taɓa abin da nake ganin na iya. Na ce mata ba a gane cuta da kiyashi, yanzu zamani ya wuce nan. Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da take yi mini tun ina zuwa sayen ashana da gajeren wando, ta ce, "Ka gama? Je ka tsayar da keke napep."

Ban san me ta gaya wa Inna ba. Na dai ji muryarta tana tashi a ɗaki, ta Inna tana ƙasa-ƙasa, sai ga su sun fito, Madam ta yafa mata mayafi da hannunta tana riƙe da kafaɗarta. A nan na ga tafiyar Inna a fili karo na farko cikin makonni. Ba ta taka ƙafar hagu sai da dunduniya. Na bi keken a baya da mashin.

Wani ƙaramin asibiti ne a hanyar Hanwa inda Madam ke zuwa. Likitar mace ce, dattijuwa, da tabarau a ƙarshen hanci, maganarta ta mutanen cikin birni. Inna ta zauna ta juya fuska wajen taga. Madam ta zauna kusa da ita. Ni na tsaya a bakin ƙofa, na fara zuba bayani: ranar da zazzaɓi ya fara, abin da manhaja ta ce, magungunan da na saya, har da sunayensu. Likitar ba ta katse ni ba. Da na gama ta dube ni, ta dubi Inna, ta dubi tazarar da ke tsakaninmu, ta ce, "Kai ne na farinta ko?"

Na ce eh.

Ta ce, "Na gani."

Sai ta jawo kujerarta kusa da Inna. Ba ta ce mata ya jiki ba. Ta gaishe ta, ta tambaye ta unguwar da aka haife ta, suka gano sun san wasu gidaje tare. Sannan ta sunkuyar da kai tana rubutu, kamar ba wani abu za ta tambaya ba, ta ce, "Hajiya, alwalar azahar tana kai ki la'asar?"

Inna ta girgiza kai.

"Tana kai ki rabin hanya?"

"Wani lokacin ko nafila ban idar ba," in ji Inna, a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun sanyin da ya wuce."

"To in kin zo ƙafa, wankewa kike yi ko shafawa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Ta hagun shafawa nake yi."

Ina tsaye ina ji. Tambayar da ta gagare ni, wadda na zauna ina gumi a kanta, ga shi an yi ta a gabana, an amsa, kuma ba a faɗi kalma ɗaya da za ta sa wani ya sunkuyar da kai ba. Ni ma ina alwala sau biyar a rana. Ban taɓa tunanin akwai wannan hanyar ba.

Likitar ta ɗago ta ce, "Malam, taimaka ka sayo mana ruwan sha a waje." Akwai ruwa a kan teburinta, na gan shi. Na fita.

Da aka kira ni na dawo, an ɗan huda yatsan Inna an gwada jini, an kuma cire safar. Inna ta lulluɓe kanta gaba ɗaya da mayafi. Likitar ta ce, "Zo ka gani, dole ka gani." Ƙafar ta sha lalle, an dambara shi har ya yi baƙi. A ƙarƙashin ƙaramin yatsa akwai rami, gefensa ya kumbura, yatsan kansa ya canza launi. Warin da Madam ta faɗa ya daki hancina. Ashe tun kafin Madam ta yi tafiya Inna ta taka garwashi a bakin murhu, ba ta ji ba sam, sai da ta ga tabon. Da ya ƙi warkewa ta shiga sa masa lalle, ta rufe da safa don kada a gani a ɗaga hankalin Malam.

Likitar ta ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinta. Shi ya kashe mata jin ƙafa, shi ya hana ciwon warkewa, ciwon kuma shi ke kawo zazzaɓin. Ta tambayi abin da take ci. Na lissafa lemo da gulukos da zuma da bakina, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Ta rubuta takarda ta ce mu wuce babban asibiti yanzu, ba gobe ba. Na tambaye ta ƙafar fa. Ta ce, "Yatsan ban sani ba. Ƙafar muke so mu tsirar, ka yi addu'a."

A barandar babban asibiti, ina jiran a gama karɓar Inna, na ciro wayar. Ban san me ya sa ba, wataƙila ina neman wanda zan ɗora wa laifi ne. Na sake shigar da komai daga farko. Da na zo kan ƙishirwa na danna eh. Fitsari, eh. Ciwon da ya ƙi warkewa, eh, a ƙafa. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta kawo ciwon sukari a sama, da jan rubutu cewa a kai mara lafiya wurin likita yau ɗin nan. Na zauna a kan benci na kifa wayar a cinyata. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ni na yi mata ƙarya, sau uku, da yatsana, kuma makonni Inna ta yi tana biyan abin da na danna. Na yi kuka a wurin, mutane na wucewa, ban damu ba.

An cire ƙaramin yatsan. Ƙafar ta tsira. Inna ta yi kwana goma sha tara a asibiti, auta ta zo daga Jos ta yi jinya, ta kuma wanke ni tas a bakin ƙofar ɗakin mata, na san ta fi ni gaskiya.

Bayan an sallame mu muka koma wurin dattijuwar likitar, don ita Inna ta yarda da ita. Na gaya wa likitar abin da na yi a baranda, da abin da wayar ta ce a karo na biyu. Na zaci za ta yi dariya ta ce in goge ta. Sai ta ce ita ma tana duba irin waɗannan abubuwan, kuma sun haddace littattafan da ita ta manta. Ta ce, "Amma abin da ka gaya mata shi ta sani. Ba ta ga safa ba, ba ta ga inda ka tsaya ba. Ni shekara talatin ina jin da sauƙi daga bakin mutanen da aka kawo a kwance."

Sannan ta kawo maganar da ta fi yankan yatsa wuya. Ta ce ciwon yana son wanki da sabon bandeji kowace safiya. Ko bayan ya warke, dole wani ya riƙa duba ƙafafun Inna kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, har iyakar rayuwarta, domin ita ba za ta ji in wani abu ya same su ba, idonta kuma ya yi rauni. Auta za ta koma ɗakinta. Madam da safe take karɓar kaya a shago. Matata ta ce za ta yi, Inna ta ce Allah ya kiyaye surukarta ta riƙe mata ƙafa. Likitar ta ce, "To Hajiya, saura mutum ɗaya. Ko shi, ko ki riƙa hawa keke kina zuwa nan kowace safiya." Inna ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Nas ta koya mini yadda ake yi a kan ƙafar auta, muna yi auta tana tsokanata wai ga Dakta ya samu aiki.

Washegarin tafiyar auta na idar da sallar asuba, na jira gari ya yi haske, na ɗauko roba da auduga da ruwan wanke ciwo da bandeji. Na durƙusa a inda na saba. Na gaishe ta, ta amsa, da sauƙi Alhamdulillahi. Na ce, "Inna, na zo da kayan." Na kai minti biyar a durƙushe, har na fara tunanin in je in roƙi Madam ta rufe shago. Sai na ji motsin tabarma ana jawo ta kusa da ƙofa. Labulen bai buɗe ba. Ƙafar ce kawai ta fito ta ƙarƙashinsa, a hankali, ta tsaya a kan dokin ƙofa.

Na ɗora ta a kan cinyata. Ban taɓa taɓa jikin mahaifiyata ba tun da na yi wayo. Ƙafar ƙarama ce, ba nauyi, dunduniyar duk faso. Babban yatsanta ya ɗan karkace ciki, daidai yadda nawa yake, ban taɓa sanin daga wurinta na ɗauko ba. Na warware bandejin, na wanke, na tsane, na naɗa sabo. Na duba tsakanin yatsu huɗun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ɗayar." Ta janye wannan ta miƙo ta dama. Da na gama ta ce, "Allah ya yi albarka," ƙafar ta koma ciki.

Haka muka yi ta yi. Matata ta koyi kawar da kai in ta fito da tsintsiya. Madam kuwa in ta leƙo ta gan mu sai ta ce, "Mama, ki buɗe labulen nan mana, ɗanki ne fa, ba ɗan haya ba," Inna ta ce mata ta tafi shagonta. Ciwon ya rufe a hankali. Lemo da zuma suka bar gidan, aka koma tuwon alkama da ganye, Inna tana ci tana mita wai an mayar da ita akuya. Manhajar tana nan a wayata, ban goge ba, nakan duba wa kaina wani abin. Amma na daina zama a zaure ina karɓar ciwon bayan mutane, in sun tare ni sai in ce su je asibiti a duba su.

Wata safiya cikin damina, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk ta jiƙe, na zo da robata na durƙusa. Wata huɗu ke nan da fara wannan aikin. Na ce, "Inna, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Ina faɗa ina matse auduga, don na san amsar, ko saurare ba na yi.

Ƙafar ta fito ta ƙarƙashin labule, na ɗora ta a cinya. Sai na ji ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, irin wadda nake jiyowa in suna ɗaki da auta:

"Malam, jiya ƙafar nan ta dame ni. Zogi take yi, kamar ana tsira mini allura."

Audugar ta faɗi daga hannuna cikin ruwa. Shekara da shekaru ina gaishe da matar nan, yau ne ta fara gaya mini wani abu yana mata ciwo. Na sunkuyar da kai don kada matata ta ga fuskata daga bakin murhu.

Na ce, "A ina, Inna?"

Hannunta ya fito ta ƙarƙashin labulen, ya lalubo nawa, ya kama yatsana ya kai shi gefen idon sawu, ya danna.

Ta ce, "Nan."